Littafin barga: bin sawun farin gashi a jikin dawakinmu

9 ga Nuwamba, 2024

Dawaki shida ne a bargar Kawu, biyar daga cikinsu kuma launinsu ya motsa daga yadda muka san shi a da. Akawal, baƙin dokinmu, ya yi ja-ja a gadon baya, ga fararen tabo biyu a inda gaban sirdi ke zama. Goɗiyarmu Bikili, mai jan jiki da baƙaƙen ƙafafu, tana da farin zobe a ƙafafun gaba, sama da kofato kaɗan. Hurde, mai dabbare-dabbare, kullum ƙara haske yake yi. Tsohon jan doki ya fara furfura a saman ido. Duƙushin da aka haifa cikin Agusta ya soma zubar da gashin haihuwa, wanda ke fitowa daga ƙasa kuma ya sha bamban da wanda ke zuba. Kili, farin dokinmu, shi kaɗai ya tsaya cik, don shi ya gama nasa farin tuntuni.

A unguwarmu duk hukunci ɗaya ake yanke wa waɗannan: ko a ce tsufa, ko a ce jini ne ya yi ƙasa, a nemo jiƙo. Har wani ya kawo wa Kawu mai a kwalba, wai yana dawo da baƙin gashi. Na roƙi Kawu ya dakatar da man, ya bar ni in bi kowane doki da nasa.

Tsarin aikin mai sauƙi ne. Kowane farkon wata zan ɗauki hoton kowannensu, dama da hagu, fuska, gadon baya da ƙarƙashin wutsiya, da safe, a jikin bango ɗaya, a inuwa ɗaya, saboda hasken rana na yaudarar kyamarar waya. Duk inda fari ya fito zan auna shi, in rubuta lokacin da aka fara ganinsa, in kuma buɗe gashin in duba launin fatar da ke ƙarƙashi.

Baba, wanda ke riƙe da bargar nan tun ban san kaina ba, ya ce, "Malam ƙarami, doki ai ba a takarda ake karanta shi ba." Ya faɗi haka ne yana riƙe min ragamar Akawal don hoton ya fita daidai.

24 ga Nuwamba

Duƙushi kili zai zama. Siraran fararen gashi sun kewaye idanunsa biyu, wasu sun tsiro a leɓe da gindin kunne, fatar kuwa baƙa ƙirin. Baba ko leƙowa bai yi ba. "Tun ranar da uwarsa ta haife shi na gaya wa Alhaji. Ɗan bikili na gaskiya da ƙafafu masu haske yake faɗowa, sai daga baya su yi baƙi. Wannan kuwa da baƙaƙen ƙafafunsa ya zo, launinsa a cike." Alamar da masu kiwon dawaki a ƙasashen waje ke dubawa ke nan ita ma, har da zoben idon.

Bari in ajiye tushen maganar a nan, don duk abin da zai biyo baya a kansa yake. Kowane gashi yana da saiwa a cikin fata, a saiwar kuma akwai ƙwayoyin halitta masu haɗa launi, wanda ake kira melanin. Iri biyu ne, baƙi da ja, kuma yadda aka raba su a jiki shi ke ba da akawal ko bikili ko jan doki. In ƙwayoyin suka ƙare, ko wani abu ya kashe su, gashi zai ci gaba da tsirowa amma babu launi. Saboda haka duk farin da na gani, tambayata ɗaya ce: me ya sami ƙwayoyin wurin nan?

Na kili gado ne. A 2008 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Leif Andersson, suka gano inda abin yake: wani yanki mai tsawon harafin rubutun gado kusan 4,600 a cikin ƙwayar gado mai suna STX17 ya maimaita kansa. Maimaicin yana ingiza ƙwayoyin launi su yi ta hayayyafa fiye da kima, sai ajiyar da ke saiwar gashi ta ƙare tun doki yana ganiyar ƙuruciya. Gadon mai rinjaye ne, daga ɓangare ɗaya ma ya isa. Ba a samun kili sai uwa ko uba na ɗauke da shi. In uban daga ɓangare ɗaya ya gada, kusan rabin 'ya'yansa ne za su yi fari. In daga uwa da uba ya haɗo, duk ɗan da ya haifa sai ya yi, shi kansa kuma ya fi saurin yin fari. Uban duƙushin nan Kilinmu ne, to kyan ɗa ya gaji ubansa.

Hurde ma a hanyar yake. Dabbare-dabbaren da Kawu ke so a jikinsa zango ne kawai, nan da 'yan shekaru za su dushe. Fararen dawakin Lipizza da ake wasa da su a makarantar hawa ta birnin Biyana a Ostiriya duk baƙaƙe ko jajaye ake haifarsu, sai tsakanin shekara shida zuwa goma su gama yin fari. Da na faɗa wa Kawu cewa Hurdensa na ɗan lokaci ne, sai ya ce to a hau shi da kyau kafin ya tsere.

8 ga Disamba

Yau bayan Akawal na zauna a kai. Na sa yaron barga ya ɗaura sirdi yadda ya saba, ya hau ya zaga fili har dokin ya jiƙe. Da aka kwance majayi aka ɗaga sirdi da zubka, matashin da ke ƙarƙashinsa, bayan duk ya yi sharkaf da gumi, sai wurare biyu, dama da hagu na ƙashin da ke tsakanin kafaɗu, sun bushe ƙayau. Daidai kan fararen tabon nan. Na dama ya kai santimita 5, na hagu 3. Can bayan rabin sa'a wuraren suka ɗan tasa, da na danna da babban yatsa sai ya lotsa baya, ya kwantar da kunnuwa, ya juyo da kai zai kai min cizo.

Inda itacen sirdi ya danne da ƙarfi, jini ba ya gudana yadda ya kamata, gumi ma ba ya fita. Ƙwayoyin launi sun fi saiwar gashi rauni, su ke fara mutuwa, saiwar ta rayu ta ci gaba da fitar da gashi fari. Ba sai fata ta fashe an ga miki ba. Kuma farin ba ya bayyana nan take, sai tsohon gashi ya zube sabo ya fito, makonni ko watanni a gaba. Abin da muka gani a Nuwamba, hawan babbar sallah na watan Yuni ne ya shuka shi.

Na kifa sirdin na duba. Na gado ne, an sassaƙa shi don wani dokin da ya daɗe da mutuwa, bakinsa ya yi wa Akawal tsukuku. Zubkar kuma ta kwanta a gaba ta zama kamar ba komai, ta dunƙule a baya. A ɗora wa wannan jalala da kayan ado da mahayi mai babbar riga da rawani, a tsaya a rana ana jiran fitowar sarki tun hantsi har azahar, mai laifi ai ba sai an nema ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke ɗaukar tabon. Za ka ji ana cewa alamar doki ne da ya sha hawa, har da ɗan alfahari a ciki. Ni a ganina yawancin farin da ke bayan dawakin hawa a ƙasar nan aikin hannunmu ne. Kuma ba ya gyaruwa: ƙwayar da ta mutu ta mutu, babu man kwalbar da zai tashe ta. Abin da ya rage shi ne a hana shi faɗaɗa.

22 ga Disamba

An kai sirdin wurin masassaƙi, da Akawal ɗin kansa, don a gwada a jikinsa. Ya buɗe bakin itacen, baduku ya sake cusa zubka. Yanzu yatsuna uku na shiga tsakanin ƙashin baya da gaban sirdi ko da mutum a kai.

Zoben ƙafar Bikili bai ɗauki lokaci ba. Faɗinsa daidai da kaurin igiyar roba da ake yi mata dabaibayi da ita, a wurin da igiyar ke zama. An koma igiyar rama mai laushi, an naɗe ta da tsumma. Da na bi sauran da ido, sai ga irinsa a karan hancin tsohon jan doki, inda ragama ta yi shekaru tana goga.

17 ga Janairu, 2025

Jiya Alhamis na raka Baba kasuwar Maigatari, inda dawaki ke shigowa daga Nijar. Ba saye muka je ba, ido na kai. A can na ga irin da ba mu da shi a barga: doki mai gaurayen fari da ja a duk gangar jiki, amma kansa da ƙafafunsa da gezarsa da wutsiyarsa sun tsaya da launinsu. Wanda bai sani ba zai ce kili ne a hanya. Bambancin a kai yake. Mai zama kili daga fuska yake farawa, kansa ya riga jikinsa haske. Wannan kuwa da gaurayensa yake tasowa tun yana duƙushi, haka kuma zai tsufa, sai ɗan sauyi tsakanin rani da damina. Gadonsa ma wani ne daban.

A cinyarsa akwai wani tsohon rauni, gashin wurin ya fito ja zalla babu fari ko ɗaya. Haka irinsu suke: sauran dawaki rauni fari yake bar musu, su kuwa duhu.

Da yawa daga dawakin suna da lalas a cinya ko wuya. Ƙarfen wuta saiwar gashi yake ƙonewa gaba ɗaya, shi ya sa wurin ke zama fata tsirara. A Amurka kuwa da sanyi suke yi. A 1966 wani likitan dabbobi a Jami'ar Jihar Washington, Keith Farrell, ya fito da dabarar tsoma ƙarfe cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, a danna a fata na 'yan daƙiƙu. Sanyin ya kashe ƙwayoyin launi ya bar saiwa, alamar ta fito da farin gashi. Da ita gwamnatinsu ke yi wa dawakin jejin da ta kamo lamba a hagun wuya. Abin da sirdinmu ya yi wa Akawal cikin rashin sani, su da gangan suke yin sa.

Wani abu kuma da ya faru a gida cikin makon nan. Wani dillali ya kawo wa Kawu baƙin doki tallata, bayansa sumul. Baba ya jiƙa gefen rigarsa ya murza wurin sirdi, rigar ta ɗauko baƙin rini. Ya buɗe gashin, gindinsa fari fat. "Alhaji, wannan an kai shi wurin mai gyaran gashi kafin a kawo maka."

9 ga Fabrairu

Tun hoton farko na ga ƙullutu a ƙarƙashin wutsiyar Kili, a wurin da ba gashi. Yau likitan dabbobi ya zo. Baba ya riƙe kai, yaro ya ɗaga wutsiya. Guda uku ne, baƙaƙe, masu tauri, suna sheƙi. Biyu ba su wuce ƙwayar gurjiya ba, na ukun da ke kusa da dubura ya kai santimita 3. Likita ya shafa gindin kunne da muƙamuƙi, ya buɗe leɓe, ya duba fatar ido da al'aura, don nan ne sauran wuraren da suke fitowa. Bai sami komai ba.

Ya juya wajen Kawu: "Alhaji, shekararsa nawa?"

"Ya haura sha shida."

"To lokacinsa ne. Melanoma ce, ƙari ne na ƙwayoyin launi."

Gadon da ya faranta gashin shi ne ya haifi wannan. A saiwar gashi ƙwayoyin sun ƙare, a cikin fata kuwa sun ci gaba da ninkuwa har suka taru suka yi ƙulli. Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na kilin da ya wuce shekara 15 yana da shi. Yawanci a hankali yake girma, doki ya yi shekaru da shi yana ci yana hawa lafiya. Amma wani yakan haɗe ya toshe hanyar kashi, wani ya fashe yana zubar da baƙin ruwa ƙudaje su samu wurin zama, wani kuma ya bazu cikin jiki. A 2024 ƙungiyar Uppsala ɗin ta ƙara fitar da cewa gadon hawa biyu ne: akwai dokin da yankin nan ya ninku sau biyu a jikinsa, akwai mai sau uku. Mai sau ukun ya fi saurin yin fari, ya kuma fi kamuwa da ƙarin.

Baba ya ce a da sakiya suke yi wa irin wannan. Likita ya girgiza kai. "Baba, don girman Allah kada a sa masa wuta ko aska. In za a cire, a cire shi gaba ɗaya tun yana ƙarami, da allurar kashe zafi da ɗinki. Taɓa shi rabi da rabi ya fi barinsa muni." Muka tsaya a kan a riƙa aunawa duk wata.

Kowa a garin nan farin doki yake so a gaban tawaga, kuma yana da kyau, ban musa ba. Sai dai mai sayen kili haƙora yake buɗewa, ya ɗaga kofato, ya sa a sukwane shi. Da wuya ka ga wanda ya ɗaga wutsiya.

2 ga Maris

Jan da Akawal ya yi ba shi da alaƙa da tabon sirdi. Na ciro gashi daga gadon bayansa na ɗora a farar takarda: tsinin ja ne ya bushe, gindin baƙi. Ƙarƙashin geza da ciki da tsakanin cinyoyi kuwa baƙi wuluk. Inda rana ke duka da inda gumi ke bushewa, nan ne ya koɗe. Turkensa a tsakiyar fili yake, kuma in an dawo daga kilisa ba a wanke shi, gishirin gumi ya kwana a jikinsa.

Akwai kuma ɓangaren abinci. Sinadarin da ke haɗa melanin a jiki, tirosinas, ba ya aiki sai da tagulla. In ta yi ƙaranci baƙin doki yakan yi ja, jan doki ya yi fatsi-fatsi, gashi ya rasa sheƙi. Ma'aunin da majalisar bincike ta Amurka ta fitar a 2007 ya ba dokin kilo 500 miligiram 100 na tagulla da 400 na zinki a rana. Namu ba su kai wannan nauyin ba. Mai kilo 350 zai buƙaci wajen 70 da 280. Abincin bargarmu gero ne da dusa da harawa da ingirici, sai kanwa. Baba ya yi imani da kanwa matuƙa, amma ita gishirin soda ce, ba ta cike gurbin tagulla.

An mayar da turken ƙarƙashin darbejiya, ana watsa masa ruwa bayan kowane hawa, an kuma fara zuba masa garin ma'adinai na dawaki gwargwadon abin da likita ya rubuta. Gashin da ya riga ya koɗe ba zai sake baƙi ba, sabon fitowa za mu jira.

3 ga Afrilu

An yi ƙaramar sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, an yi hawa an sauka lafiya. Duk dawowa ina tsaye a bakin barga kafin a sauke sirdi. Gumin bayan Akawal ya bazu daidai, babu busasshen wuri, babu kumburi. A wurin jiran sarki kuma yaro ya riƙa sassauta majayi in an sauka.

27 ga Afrilu

An kawo ragunan da za a turke don layya, kwanon abincinsu kusa da na dawaki. Na sa an raba su da zana. Tunkiya ba ta iya fitar da tagulla daga jikinta yadda doki ke yi, tana taruwa a hanta, rana ɗaya ta kashe ta. Garin Akawal guba ne ga rago.

Tsohon jan doki, wanda ya haura shekara ashirin: furfurarsa a kwarmin saman ido take, da goshi da kewayen baki, tana ƙaruwa sannu a hankali. Wannan ita ce ta tsufa ta gaskiya, kuma a duk bargar shi kaɗai ke da ita. Abin da ya fi damuna gashin jikinsa ne. Kowa ya zubar da gashin hunturu, shi har yanzu yana nan da nasa, dogo, ya nannaɗe, ya dushe, yana ta haki cikin zafin bazara. Yana shan ruwa fiye da da, naman bayansa ya zube. Likita ya ce alamun ciwon Kushin ne, wanda ke tasowa daga wata 'yar halitta a gindin ƙwaƙwalwa, kuma tsofaffin dawaki yake kamawa. Maganinsa sunansa pergolide, ana nema. Kafin nan an aske masa jiki da almakashi, an rage masa hatsi, ana lura da kofatansa, don ciwon yakan sauka a can.

25 ga Mayu

Sabon abu a fuskar Hurde. Fatar da ke kewaye da idon hagu, wadda a hoton Fabrairu baƙa ce, ta fara yin ja-ja fari-fari a wurare, haka ma gefen baki. Ba ƙaiƙayi, ba ɓawo, ba kumburi. Wannan karon fatar ce ta rasa launi.

Likita bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya tambaya ko linzamin ko ragamar na da roba, don akwai robar da ke cinye launin fata inda ta taɓa. Babu. Ya tambaya ko ya hau goɗiya a waje, ya duba al'aurarsa, saboda akwai cutar da ake ɗauka wajen barbara mai barin farin tabo a can, wadda in an yi zarginta jini ake ɗiba a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Hurde bai taɓa barbara ba, wurin kuma lafiya lau. Ya duba ƙirji da tsakiyar ciki ko akwai alamar tsutsar fata da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, bai gani ba.

Ya ce bitiligo ne, irin wanda mutane ma ke yi. An fi saninsa a dawakin Larabawa, kuma yana yawan haɗuwa da gadon kili. Yakan faɗaɗa, yakan tsaya, yakan koma da kansa. Ba ya ciwo, sai dai fatar da ba launi rana na ƙona ta, don haka shi ma ya koma inuwa.

15 ga Yuni

Babbar sallah ta kama ranar Juma'a 6 ga wata. Wani baƙon yaro da aka ba aron Akawal ya ɗaure majayi a kan datti, ya dawo da shi fata ta saluɓe a bayan hammatar dama, kamar santimita 2. An wanke, an sa magani, an hana hawa. Na sa wa wurin alama a hoto, zan ga wane launi zai fito.

20 ga Yuli

Damina ta zauna, ɗanyar ciyawa ta samu, Akawal ya sake gashi. Baƙi ƙirin, har yana ɗaukar ido. Baba ya ce ciyawa ce, likita ya ce garin ma'adinai ne. Ni inuwa da wanka na fi ba kaso mai tsoka, don tun farko gindin gashin baƙi yake fitowa, a waje ne yake lalacewa. Rani mai zuwa zai raba gardama.

Fararen tabon sirdi suna nan, santimita 5 da 3, ba ƙari ba ragi. A kan sabon baƙin ma sun fi fitowa fili. Raunin majayi kuwa ya rufe da baƙin gashi, sai 'yan farare da ba su kai a ƙirga ba. Bai yi zurfi ba, kuma an ɗauke masa matsi tun ranar farko.

Bikili ta fito da wasu ɗigo-ɗigon fari a wuya da kuturi, kowanne bai kai faɗin farce ba, a wuraren da ba igiya ba sirdi. Fatar ƙarƙashi lafiyayya. Baba ya ce cizon kaska ne, kuma cizo na iya barin irin haka, amma ban ga ko alamar tabo ba. Sun fi kama da ɗigon da Turawa suka laƙaba wa sunan Birdcatcher, wani dokin tsere da aka haifa a Ailan a 1833. Haka kawai suke fitowa, su yi zamansu, wasu su ɓace wasu su ɓulla a wani wurin. Na zana taswirarsu a bayan littafi.

31 ga Agusta

Duƙushi ya cika shekara. Fuskarsa ta yi toka-toka, fari ya shiga tsinin wutsiya da haƙarƙari. Da saurin nan ba zai daɗe a hurde ba. Idon Hurde ya tsaya inda yake tun Yuni. Biyu daga ɗigon Bikili sun ɓace.

12 ga Oktoba

Ƙananan ƙullutun Kili biyu ba su motsa ba. Babban ya tashi daga santimita 3 zuwa 3 da rabi. Yana kashi ba wahala, yana ɗaga wutsiya yadda ya saba, amma likita ya ce wurin da yake ba wurin jira ba ne: in ya ƙara girma, fatar da za a ja a ɗinke ba za ta isa ba. Za a cire shi da ƙananan gaba ɗaya in hunturu ya shigo ƙudaje sun ragu. Kawu ya amince, Baba ya yi shiru, wanda a wurinsa amincewa ce.

Wani maƙwabci ya aiko yana son a ba shi Kili ya hau goɗiyarsa, farin duƙushi yake nema. Kawu ya tambaye ni. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, a ba shi, amma a kira shi ya ga ƙarƙashin wutsiyar tukuna, ya san abin da ke tafe tare da farin." An aika masa, ya ce zai zo ranar Asabar.

Daga wata mai zuwa duƙushi da Hurde sun shiga jerin waɗanda ake duba wa ƙullutu a ƙarƙashin wutsiya. Sirdin Hurde kuma zai je wurin masassaƙi kafin ƙarshen kaka, don a bayansa tabon matsi ba zai nuna da fari ba, sai dai a bi shi da gwajin gumi.